Kyamarar Majalisa Mai Sunkuyar da Kai

Tun ina ƙarama ake ce mini ina da tsaurin ido. Innata ta faɗa, malaman Islamiyya sun faɗa, har surukata da ba ta cika magana ba ta taɓa faɗa wa ɗanta a gabana. Ni kuwa ban ga abin da zan yi da ido ba in ba kallo ba. Sau ɗaya tak a rayuwata wannan halin ya yi wa wani amfani, shi ya sa nake son in ba da labarin kafin a sake yi mini gori.

Ramlat ƙawata ce tun muna sakandare a Zariya, kuma Allah ya yi mu daban ta kowace fuska. In babba yana magana, idonta yana kan yatsun ƙafarta har ya gama. Ta yi digiri na farko da na biyu a Ankara, ta iya Turkanci har cikin barci takan yi shi. Yanzu tana Manchester tana digirin digirgir, a wani ɗaki a Fallowfield wanda tagarsa ke kallon bayan shagon masu soya kaji. Ni kuma ina Birmingham, a Selly Oak, ina fama da nawa karatun a kan magunguna. Tafiyar awa biyu da wani abu ce a tsakaninmu, in hanya ta yi kyau.

Abin da take bincike a kai shi ne tarihin tashar talabijin ɗin da ke nuna zaman majalisar dokokin Turkiyya kai tsaye, tun daga buɗe ta a ƙarshen 1994. Ranar da ta fara gaya mini, na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce duk abin kallon da ke duniya, ita ba ta ga na zaɓa ba sai tsofaffi masu kwat suna yi wa kujeru jawabi. Ba ta ji haushi ba, domin abin a jininta yake. Mahaifinta, Malam Bara'u, ya yi shekara ashirin da huɗu a majalisar dokokin jiha yana rubuta abin da 'yan majalisa suke faɗa, kalma bayan kalma. Shi ya koya mata shothan, wannan rubutun ƙugiyoyi da ɗigo-ɗigo na sakatarorin da, tun tana aji uku. Da ta je Ankara sai ta lanƙwasa shi ya ɗauki Turkanci ma.

Shekara biyu ta yi tana kallon tsofaffin zaman majalisa da wani tsohon ɗan jarida ya naɗa a kaset a gidansa, 'ya'yansa suka juye mata a kwamfuta. A cikin wannan kallon ne ta gano wani abu. Yawanci kyamarar da ke fuskantar mumbari tana tsayawa ne a kan mai jawabi, daga ƙirji zuwa sama, ba ta motsi. Amma a wasu ranakun sai ta ga hoton ya ɗan ja baya, ya sunkuya ƙasa kaɗan. Mai jawabin ya koma can sama ya ƙanƙance, a ƙasa kuma teburin ma'aikata ya shigo, da gefen wasu kujeru da babu kowa a kai. Minti kaɗan sai hoton ya koma yadda yake. Ta bi ta yanko irin wannan wuri ɗari da arba'in da uku, daga 1995 zuwa bazarar 2001, inda abin ya tsaya cak bai sake faruwa ba. Ta sa masa suna sunkuyo.

Ramlat ta hakikance cewa wani mai ɗaukar hoto ne yake yi wa jama'a magana a ɓoye. Yana nuna musu kujerun da wakilansu suka bari, yana rage wa mai jawabi girma, har wani na sama ya gane ya taka masa birki. A kan wannan ta gina babi na huɗu, wanda shi ne zuciyar aikin nata duka. Malamar da ke duba aikin ta karanta, ta yaba, sannan ta ce zato ne kawai. Ko dai Ramlat ta kawo wanda ya riƙe kyamarar ya faɗa da bakinsa kafin ƙarshen Maris, ko ta cire babin.

Ta yi wasiƙu, ta yi waya, har wani malaminta na Ankara ya samo mata suna. Nevzat, wanda ya riƙe kyamarar tsakiya tun ranar farko. Sai kuma ga abin mamaki, ashe mutumin yana Birmingham, ya zo cin sanyi wurin 'yarsa Aylin, likitar haƙori, a wani gida gaba da Sparkbrook kaɗan in ka bi Stratford Road. Ya yarda ya gan ta, amma da sharaɗi ɗaya: ba za a naɗi muryarsa ba. Ya ce ya ƙare rayuwarsa yana naɗar mutane, ya san yadda na'ura take sa baki ya canja. In tana so ta rubuta da hannu.

Sau biyu ta zo daga Manchester, sau biyu ta dawo ɗakina da littafi kusan fari. Zuwa na biyu ma ko takalmi ba ta cire ba ta zauna bakin gado. Na zuba mata shinkafa da wake, ta tura gefe.

"Na'ima, mutumin nan tsoro yake ji," in ji ta. "Zai fara magana lafiya lau, da na soma rubutu sai ya yi shiru. In na tsaya, sai ya tambaye ni ko in ƙara shayi. Kofi bakwai na sha yau. Kuma ranar Lahadi flight ɗinsa, zai koma Ankara."

Na tambaye ta ko ta nuna masa yankakkun hotunan. Ta ce a'a, ƙa'idar bincike ba ta yarda a sa wa mai ba da shaida magana a baki ba, sai ya kawo zancen da kansa. Na ce to ƙa'ida ta rubuta mata babin. Ta harare ni, sai kuma idonta ya ciko, na ji ban kyauta ba. Na san abin da shekara biyun nan suka ci mata. Ta bar bikin ƙanwarta saboda kaset ɗin nan, kuma kullum Malam Bara'u ya kira ta sai ya tambaya ko mai kyamarar ya yi magana.

Aylin ta ce ranar Alhamis da hantsi ne kawai ya rage, domin Juma'a da Asabar na sallama da haɗa kaya ne. Na ce zan raka ta. Ramlat ta ce me zan je yi, ni da ban san ko sannu da Turkanci ba. Na ce zan je shan shayi, tunda na ji ana rabawa.

Ranar Alhamis muka hau bas biyu. Ramlat ta rungume jakar kwamfutarta a ƙirji, ni na riƙe robar dambun nama da na sa ta kawo wa tsohon, don ban yarda a je gidan babba sau uku hannu na dukan cinya ba. Ana yayyafi irin na garin nan, wanda ba ya jiƙa mutum sai ya isa inda za shi. Muka wuce shagunan atamfa da na kayan miya na Stratford Road, muka sauka kusa da wani masallaci, muka taka kaɗan.

Aylin ce ta buɗe mana, mace mai fara'a, ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, ta ɗauki hutun rabin yini don mu. Mahaifinta yana falo kusa da taga, cikin rigar sanyi mai maɓallai. Dogo ne siriri, gashinsa fari fat, hannuwansa manya. Ramlat ta rusuna ta gaishe shi, tana kiransa Amja, wato kawu a bakinsu. Ni na ce masa Baba, na yi sallama, ya amsa da kyau. Ya ɗanɗana dambun, ya ɗaga gira, ya sake ɗiba. Daga nan na ji ina son sa.

Aka kawo shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi. Na samu kujera a gefe inda nake ganin su duka biyu. Tunda ba na jin abin da ake faɗa, sai na yi abin da na iya.

Ramlat ta yi tambaya. Tsohon ya gyara zama ya fara ba da amsa, yana nuni da hannu, har da 'yar dariya. Daga baya ta gaya mini labarin ranar farko yake bayarwa, yadda aka ja wayoyi ta ƙarƙashin kujeru, da yadda wasu 'yan majalisa suka zo da sabon aski. Sai ta buɗe littafi, ta sunkuyar da kai, alƙalami ya fara gudu. Bai kai jimla biyu ba muryarsa ta yi ƙasa, ta ɗauke.

Na dube shi da kyau. Na san fuskar mai jin tsoro, na ga ta ɗalibai a ƙofar jarrabawa, na ga ta marasa lafiya. Mai tsoro ƙofa yake kallo, ko taga. Wannan bawan Allah tsakiyar kan Ramlat yake kallo, da hannunta mai rubutu, kuma fuskarsa ta yi laushi. Hannunsa na dama da ke kan hannun kujera ya dunƙule kamar ya riƙe wani abu, ya ɗaga a hankali, ya tsaya. Ramlat ta ji shiru, ta dakata da rubutu, amma ba ta ɗago ba, jira take yi cikin ladabi. Shi kuma ya farga, ya share maƙogwaro, ya miƙa hannu wajen butar shayi.

Sau uku ina ganin haka. A na ukun na tashi na ce wa Ramlat da Hausa ta zo ta nuna mini banɗaki. Ta ce ai ga shi can a hagu. Na ce ta zo ta nuna mini.

A ɗan lungun da ake rataye riguna na tare ta. "Ba tsoro yake ji ba," na ce. "Ke yake kallo. Da kin sunkuya kin fara wannan rubutun naki, sai ya tafi wani wuri. Ban san ina ba, amma ba wurin tsoro ba ne. Ki ajiye biron nan, ki dube shi."

"In dube shi? Sa'an Baba ne fa, Na'ima. In zuba masa ido kamar wata mara kunya?"

"Kamar ni, kike nufi. E, yau ɗaya ki ara."

Ta ce in ba ta rubuta ba, kuma ba ta naɗa ba, da me za ta koma wurin malamarta, da baki? Na ce sau biyu ta koma da littafi, me ke ciki? Na ƙara da cewa ta buɗe kwamfutar nan ta nuna masa, ƙa'ida ta yi haƙuri. In babin zai mutu, gara ya mutu a gaban mai shi.

Muka koma. Na ga yadda abin ya yi mata nauyi, har tausayi ta ba ni. Ta rufe littafin, ta ɗora alƙalami a kai, ta ture su gefe. Ta ɗago kai da ƙyar, idonta ya kai haɓarsa ya dawo, ya sake hawa, sannan ya tsaya. Tsohon ya yi murmushi, ya faɗi wani abu gajere. Aylin ta yi dariya ta juyo ta gaya mini da Turanci: wai sai yau ya ga launin idon baƙuwarsa.

Ramlat ta buɗe kwamfuta ta ajiye a kan ɗan tebur a gabansa. Ta yi masa bayani. Ta gaya masa abin da ta gani, da abin da take zato, da cewa ta ɗebo ɗan guntu daga kowane wuri ta haɗa a jere, sun kai minti arba'in. Aylin ta dawo kusa da ni tana fassara mini ƙasa-ƙasa. Ramlat ta danna.

Hoton tsoho ne, launinsa ya koɗe. Wani mai gashin baki yana jawabi yana dukan mumbari. Sai hoton ya ja baya, ya sunkuya. Ga kujeru a gefe, ga tebur a ƙasa, mutum biyu ko uku a zaune sun duƙufa suna rubutu. Aka yanke, ga wani mai jawabin, wata shekarar, hoton ya sake sunkuyawa. Aka sake yankewa. A karo na huɗu ne na lura, ni da ban yi shekara biyu ina kallo ba, cewa masu jawabi suna canjawa, kujeru suna cika suna raguwa, amma a ƙasa ta dama kullum akwai kai guda, na mace, da tsaga a gefen hagu da ɗan abin kama gashi.

Aylin ta daina fassara. Ta kama hannuna ta matse, ba ta ma san ta yi ba.

Tsohon ya sa yatsa a kan gilashin kwamfutar, daidai kan nan. "Sevim," ya ce. Sannan ya dubi Ramlat, ita ma tana dubansa, ya yi magana mai tsawo ba tare da ya tsaya ba. Abin da zan faɗa yanzu, daga bakin Aylin da Ramlat na haɗa shi.

Sevim matarsa ce, mahaifiyar Aylin. Tana cikin masu rubuta bayanan zama, waɗanda ke zaune a ƙasan mumbari. Aikin nasu karɓa-karɓa ne, kowa ya yi 'yan mintoci ya tashi ya je ya juye abin da ya rubuta, wani ya zauna. Shi ya sa sunkuyon ba ya daɗewa. Uwar Sevim kuma tana wani ƙauye mai nisa, tafiyar yini guda a mota, ba ta karatu, ba ta ganin 'yarta sai sallah zuwa sallah. Da aka buɗe tashar, tsohuwar ta ji an ce ana nuna inda 'yarta take aiki. Ta zauna gaban talabijin ɗin maƙwabta yini uku, ba ta ga kowa ba sai maza suna faɗa. Ta aiko a gaya wa surukinta cewa in dai shi ne mai riƙe da abin, to bai iya aikinsa ba.

Ya ce shi ke nan. Duk ranar da yake kan kyamarar tsakiya, in Sevim ta zauna, sai ya ɗan ja baya ya sauke hoton yadda kanta zai shigo. Kujerun da babu kowa, sun shigo ne don suna kusa. Tsohuwar ta haddace lokutan zama fiye da 'yan majalisa. Takan sa a kira waya ta ce 'yarta ta rame, ko ta tambayi wa ya ba ta shawarar rage gashi. Daga tsakiyar kai kawai take gane duk wannan. Sevim ta yi ta yi masa faɗa a gida, ta ce zai ja musu magana a wurin aiki. Shi kuma ya ce mata a gida ba ya samun ganinta da baki a rufe, a bar shi ya more a majalisa.

Ramlat ta tambaye shi, a hankali, ko wani ne ya hana shi a 2001. Ya girgiza kai. Ya ce babu wanda ya taɓa lura, ita ce ta farko, bayan shekara ashirin da wani abu, kuma daga Najeriya. A bazarar nan Sevim ta kwanta rashin lafiya, ba ta kai kaka ba. Aylin tana da shekara goma sha biyu. Ya ci gaba da aiki shekaru bayan haka, amma babu dalilin sauke kyamara kuma.

"Ranar da kika fara zuwa kika sunkuya kina wannan rubutun," ya ce wa Ramlat, "hannunki yana tafiya irin nata. Na so in yi miki magana, 'yata, na kasa. Ki yafe mini shayin da na ɗura miki."

Na dubi ƙawata. Babi na huɗu ya rushe a gabanta, jarumin da ta shekara biyu tana ginawa ya zama miji mai tsoron surukarsa. Na zaci za ta yi kuka saboda aikinta. Kuka kam ta yi, amma na san ta, ba na babi ba ne. Ta ce masa mahaifinta ma irin aikin Sevim ya yi, shekara ashirin da huɗu, kuma ba ta da hotonsa ko ɗaya a wurin aiki, domin babu wanda ya taɓa juya kyamara wajensa. Ta tambaye shi ko ya yarda ta rubuta abin da ya faɗa, yadda ya faɗa. Ya ce ta rubuta, ta sa sunan Sevim cikakke, ta kawo takardar ya sa hannu. Ya ce sai dai malamarta ba za ta ji daɗi ba, tunda babu siyasa a ciki. Ramlat ta ce malamar shaida ta nema, ga shi ta samu, sauran kuma aikinta ne ita ta sake gini.

Aylin ta saki hannuna. Ta matsa gaban kwamfutar ta durƙusa a kan kafet, tana kallon kan nan yana fitowa yana ɓacewa. Ta ce suna da hotunan mahaifiyarta a gida, na biki da na bakin teku, amma ba ta taɓa ganin ta tana motsi ba tun tana yarinya. Ta ce ta manta cewa haka take tura gashi bayan kunne da bayan alƙalami.

Tsohon ya kalli minti arba'in ɗin nan kaf, shayinsa ya huce a gefe. Da ya ƙare sai ya ce akwai ɗaya da babu. Wata rana ce a farkon 1998, ana muhawara a kan wani abu da ya shafi noma. Ya tambaya ko kaset ɗin ranar bai kai gare ta ba.

Ramlat ta ce wataƙila ya kai. Ta ce akwai wasu 'yan kaɗan da ta ware, waɗanda ta ga ba su da amfani ga bincike, ta zuba su a wani wuri da ta sa wa suna kurakurai. Akwai ɗaya na 1998 da ta cire saboda kyamarar ta girgiza, ta ɗauka an bangaji mai ɗaukar ne.

"Babu wanda ya bangaje ni," in ji shi.

Ya ce a wannan makon ne suka dawo daga ƙauye, sun binne uwar Sevim. Ranar ce ta farko da Sevim ta koma aiki. Masu wannan aiki ba sa ɗaga kai, in ka ɗaga ka rasa kalma, kuma ita a shekarunta duka ba ta taɓa yi ba. Ta zo ta zauna. Shi kuma hannunsa ya riga tunaninsa, ya sauke kyamarar kamar kullum, sannan ya tuna babu mai kallo a ƙauye yanzu. Abin da ya faru a ranar ne ya sa bai daina saukewa ba, har Sevim ta kwanta.

Ramlat ta nemo shi ta danna. Wani mutum mai tabarau yana karanta takarda. Hoton ya ja baya, ya sunkuya. Ga kan nan a ƙasa ta dama, da tsagarsa a hagu. Alƙalamin yana tafiya, sai ya tsaya. Ta ɗago. Fuska ce 'yar zagaye, idanun sun kumbura, ta dubi cikin kyamarar kai tsaye, ta ga inda take fuskanta. Ba ta yi murmushi sosai ba, gefen bakinta ne kawai ya motsa. Hoton ya yi rawa, ya karkace, ya dawo daidai. Ta riga ta mayar da kai tana rubutu. Duka bai fi daƙiƙa uku ba.

Ni da ake cewa idona ba ya sauka, sai na tsinci kaina ina kallon kafet.

"Anne," Aylin ta ce, ƙasa-ƙasa. Wannan ban nemi fassara ba, na san uwarta ta kira.

Ramlat ta ciro ɗan abin ajiyar da ke maƙale da makullanta, ta juye musu komai, har da na kurakuran, ta sa a tafin hannun tsohon. Ya rufe hannu a kai. Sannan ya nuna kwamfutar da haɓa, ya ce a sake sa na ƙarshen.

Littafin Ramlat yana gefe a rufe, alƙalami a kai. Ta mayar da hoton baya, ta danna, ta bar musu kwamfutar su biyu. Ita kuwa tsohon take kallo.